Wai tukunyar Inna ce guba?

Daga zauren Zumuntar 'Yan Yelwa, Garwa

Bashir Mai Moto: Salamu alaikum. Ni dai yau sai na faɗa, wanda zai ji haushi ya ji. Tun bayan Babbar Sallah na daina cin duk abin da ke da bitamin A. Ba hanta, ba ƙwai, ba nono, ba man shanu, ba manja, ba karas, ba zogale. Farar shinkafa, wake da jan nama, shi ke nan. Wani injiniya ne ɗan Kanada ya gano cewa wannan abin guba ce da ke taruwa a hanta, shi kansa ya yi shekaru ba ya ci, kuma yana nan da ransa. Da farko na ji jikina sakayau. Yanzu asmata ta dawo, ta fi ta da. Dare ba barci, ƙirji sai fito yake. Ventoline ɗin, maganin asmar da nake shaƙa, da ke yi mini wata biyu, yanzu da kyar yake kai sati uku. Fata ta bushe, ido sai ƙaiƙayi. Masu bin tsarin sun ce alama ce mai kyau, gubar ce ke fita. To jiya na gano ashe a gida ana ɗiga mini manja a cikin wake ba da sanina ba. Ta yaya mutum zai warke kullum ana mayar masa da guba ciki? Ba wanda ya damu da ni a gidan nan.

Kawu Alhaji Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. Wa ke yi maka girki a gidan?

Bashir Mai Moto: Inna ce, Kawu.

Kawu Alhaji Ɗanjuma: To maimaita in ji. Me ka ce ƙanwata tana zuba maka?

Gwaggo Tabawa: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Guba! Matar da ta goya ka, ta kwana a zaune da kai lokacin da wannan asmar ke shaƙe ka kana tsumma, yau ita ce mai ba ka guba? A gaban dangi kaf?

Nafi'u Koton Sipor: Gwaggo ku yi haƙuri, ba haka yake nufi ba. Bai ce Inna ta sa masa guba ba, cewa ya yi manjan ne guba.

Gwaggo Tabawa: Wa ya zuba manjan? Aljani?

Malam Habu: Ni ba ma batun uwa ne ya fara tsaya mini ba, duk da girmansa. Zogale da nono da ƙwai, abin da Allah ya halatta ya kuma ciyar da kakanninmu da shi, wani ya tashi daga ƙasar da ko bishiyar zogale ba ta fita ya ce guba ne, kai kuma ka karɓa. A ji tsoron Allah a kan lafazi.

Sadiƙu Ɗalibi: Allah gafarta Malam, kalmar ba ta yi muni yadda kuke ɗauka ba. Bitamin A yana iya zama guba, wannan a kowane littafi yake. Ba ya fita a fitsari yadda bitamin C ke yi, a hanta yake taruwa. Namiji babba maikirogiram 900 yake buƙata a yini, mace 700, kuma an sa iyaka 3,000 ga irin wanda ke cikin hanta da ƙwayoyin magani. Turawan da suka je yawon gano ƙasashen ƙanƙara sun ci hantar farar beyar, suka kwanta ciwon kai da amai, fatarsu ta riƙa saɓulewa. Mai ciki ma ana hana ta shan mai yawa saboda yana iya nakasa jariri.

Nafi'u Koton Sipor: Kun ji ko! Ga ɗan jami'a ya faɗa. Guba ce.

Sadiƙu Ɗalibi: A'a Nafi'u, "yana iya zama" na ce. Kuma na manja da karas da zogale wani iri ne daban, jiki ne ke juya shi gwargwadon buƙata. In ya yi yawa tafin hannu ne kawai ke yin ɗorawa-ɗorawa.

Gwaggo Tabawa: Kai Sadiƙu, an tura ka Ngaundere karatu ko an tura ka koyon kare marasa kunya? Innar Bashir beyar ta dafa masa?

Anti Rabi Infirmiya: Bashir, rabu da su ka amsa mini. Kana iya gama magana ba ka tsaya jan numfashi ba? Kwalbar Ventoline shaƙa 200 ce. In ta ƙare a sati uku, kusan 10 ke nan kake yi kullum, kuma wannan ya wuce hankali. Shi buɗe hanyar iska kawai yake na 'yan awanni, ba ya taɓa kumburin da ke ciki. Wanda ya kai nan yana buƙatar abin shaƙa na kullum irin su beclometasone, likita ne zai duba ka ya rubuta maka. Babu wata guba da ke fita ta hanyar toshewar numfashi. Duk tsarin da in ka ji sauƙi a ce yana aiki, in ka ƙara lalacewa ma a ce yana aiki, ta ina za ka gane ranar da ya cuce ka?

Bashir Mai Moto: Anti, ku ma'aikatan asibiti ai abin da aka koya muku kuke maimaitawa.

Anti Rabi Infirmiya: Shi kuma injiniyan naka a ina aka koya masa huhu?

Yaya Usaini Njamena: Ni dai Bashir ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Wannan jan ƙwanson da ake bi gida-gida ana matsa wa yara a baki, ai shi ne bitamin A ɗin ko? Ni tuni na ce kada a ƙara ba nawa. Abin da ake ba ka kyauta har ƙofar gida, a ƙasar da ko paracetamol sai ka saya, akwai lauje cikin naɗi.

Anti Rabi Infirmiya: Yaya Usaini, don Allah kada ku ja yara cikin wannan. Ƙwanson bitamin A ɗin launi biyu ne: shuɗin na 'yan wata 6 zuwa 11 ne, jan na 'yan wata 12 zuwa 59, duk wata shida sau ɗaya. A nan Kamaru a makon lafiyar uwa da yaro ake rabawa, wanda muke ce wa SASNIM. Ba haka kawai aka fara ba. Wani likitan ido ɗan Amurka, Alfred Sommer, ya yi bincike a ƙauyukan Indunusiya, sakamakon ya fito a 1986, mutuwar yara ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a inda aka ba su. Yaron da ƙyanda ta kama ma ana ba shi bitamin A, don kada ta ci masa ido. Ku zo sashen yara lokacin ƙyanda ku gani da idonku.

Yaya Usaini Njamena: Indunusiya kuma. Mu ana maganar Garwa.

Malam Habu: A koma kan lafazi. Ya janye kalmar ko bai janye ba?

Jummai: Tunda Yaya Bashir ya kawo maganar gida waje, bari in faɗa. Sati biyu kacal ke nan da Inna ta fara ɗiga manjan, rabin cokali, don ta ga ya rame wuyansa ya fito. Tarin da fiton ƙirjin tun kafin shigowar hunturu suka fara. Kuma shi da bakinsa ya ce mini in magariba ta yi ba ya ganin ramukan hanya sosai, har ya kusa afka wa mai kura a wajen Rumde Ajiya.

Bashir Mai Moto: Jummai, wa ya sa bakinki? Fitilar moton ce ta yi rauni.

Anti Rabi Infirmiya: Tsaya. Jummai, me kika ce? Ba ya gani da magariba? Wannan dundumi ne, kuma yana cikin alamun farko na ƙarancin bitamin A. Hanta tana ajiye shi na watanni, shi ya sa da farko mutum ba ya jin komai, sai rumbun ya ƙare. Bushewar ido da ta fata duk hanya ɗaya suka biyo. Kuma fatar da ta shimfiɗe cikin hanci da maƙogwaro har huhu, mai fitar da majina, mai ƙananan gashin da ke share ƙura, da bitamin A take rayuwa. In babu, sai ta bushe ta yi kaushi, ƙura da ƙwayoyin cuta su samu hanya. Ban ce shi ya haifar maka da asma ba, da ita ka tashi. Amma mai asma, ɗan moto, a tsakiyar hazo, ya cire wa huhunsa wannan kariya da hannunsa? Kuma kada wani ya ce zai nemo masa jan ƙwanson yara ya haɗiya. A asibiti za a auna abin da ya dace da shi.

Gwaggo Tabawa: Ni fa in za a faɗi gaskiya, ita ma Innar tasa da nata. Manja ai ba namu ba ne, na 'yan kudu ne. Mu da man gyaɗa da man shanu muka tashi. Da man shanu ta sa masa da duk wannan bai taso ba.

Kawu Alhaji Ɗanjuma: Tabawa, me manja ya yi miki? Shekara nawa ina sauke shi daga jirgin ƙasa a Ngaundere ina ɗoro shi a mota zuwa Garwa, wa ya taɓa mutuwa? Ke da kike aiko yaro duk Juma'a?

Gwaggo Tabawa: Na miyar baƙi nake saya. Kuma tunda ka tono, jarkar da na ba ka ajiya tun azumi tana ina?

Sadiƙu Ɗalibi: Man gyaɗa na matsa kusan babu bitamin A a cikinsa, Gwaggo. Manja ne ke da shi sosai, shi ma in ba a ƙona shi har ya yi fari ba. Man kwalba na kanti kuwa tun 2011 doka ta sa ana ƙara masa bitamin A a Kamaru. Saboda haka Bashir, in kana tsayawa cin ƙosai a bakin hanya, wa ya san da wane mai aka soya?

Bashir Mai Moto: Ka ga irinta ko! Har a mai sun zuba mana ba su tambaye mu ba.

Nafi'u Koton Sipor: Ni dai ina bayan abokina. Mutum na da ikon cin abin da ya ga dama. Lokacin da Alhaji ya daina shan shayi da sukari wa ya tara masa dangi?

Kawu Alhaji Ɗanjuma: Ni likita ne ya hana ni, kuma ban ce matata na ba ni guba ba. Kai ɗan wa ne ma a zauren nan? Wa ya shigo da kai?

Yaya Usaini Njamena: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Ƙura ce. Daga wajenmu take tasowa, daga kwarin Bodele da ke arewa maso gabas da Tafkin Cadi, babu inda ya kai shi tayar da ƙura a duniya. Iskar hunturu ta kwaso ta ta sauke muku. Ku a Garwa ma saura kuke samu, ku zo Njamena ko Kuseri a watan Janairu ku ga hazo.

Gwaggo Tabawa: Saura? Jiya ko gadar Binuwai ba a hangowa. Kullum ku na Njamena komai naku ya fi, har ƙura.

Anti Rabi Infirmiya: Mu a Marwa ma haka muke fama, kuma gaskiya ne ƙura na tayar da asma. Ya sa takunkumi in zai hau moto, ya daina fita da asuba cikin sanyi. Amma ƙura ba ta kawo dundumi. Bashir, har yanzu ba ka amsa mini ba. In ka shaƙa bai kai awa huɗu ba ka sake nema, ko magana ta gagara, ko leɓe ya canja launi, ba jiran safiya, asibiti kai tsaye ko ƙarfe nawa ne.

Malam Habu: Hajiya Rabi, Allah ya saka. Amma ciwon jiki da sauƙi a kan saɓa wa mahaifiya. Ya janye kalmar tukuna.

Bashir Mai Moto: Ni ban zagi Inna ba. Na zo neman wanda zai fahimce ni, kun mayar da ni abin tattaunawa. Sai an jima.

Kawu Alhaji Ɗanjuma: To, a matsayina na mai kula da zaure, ga abin da aka tsayar, don waɗanda ba su bi daga farko ba. Bashir ya yi wa mahaifiyarsa lafazi mara kyau, kowa ya shaida, kuma zai je ya durƙusa ya ba ta haƙuri a gabana gobe bayan la'asar. Masana biyu da muke da su, Rabi da Sadiƙu, sun tabbatar manja lafiyayyen abinci ne, ya fi man gyaɗa nesa ba kusa ba, har yana maganin ciwon ido da na ƙirji. Masu cewa na 'yan kudu ne ba su kawo hujja ko ɗaya ba. Batun tari kuwa hazo ne, kowa na yi, zai wuce da shigowar bazara. Wanda ba dangi ba ya daina tsoma baki a maganar dangi. An rufe.

Anti Rabi Infirmiya: Kawu, ban ce manja na maganin ƙirji ba, kuma ban ce zai wuce ba. Asibiti na ce. Jummai, ki ɗauke makullin moton kafin magariba, ki kira ni yanzu.

Sadiƙu Ɗalibi: Ni ma ba haka na faɗa ba.

Gwaggo Tabawa: An rufe ba a rufe ba, Ɗanjuma, jarkata fa?