Ƙara sabon fayil a aikin Sphinx: taƙaitaccen abin da aka tattauna

Ƙorafin da aka fi kawowa game da Sphinx, manhajar da ke mayar da fayilolin rubutu shafukan jagora, shi ne: an rubuta sabon shafi, an ajiye shi a foldar aikin, amma bayan gini ba a gan shi a jerin shafuka ba. Kusan kowa amsa ɗaya ya bayar. Sphinx yana gina fayil ɗin, sai dai ba ya saka shi a jeri har sai an rubuta sunansa a ƙarƙashin toctree, wato umarnin da ke tsara jerin shafuka, galibi a cikin index.rst, fayil ɗin shafin farko. In an manta, zai yi gargaɗi. A riƙa karanta gargaɗin nan, kada a tsallake.

Wasu sun ce a sa zaɓin :glob: a toctree ya kwashe duk fayilolin folda da kansa. Yana rage wahala, amma jerin zai bi haruffa ne, ba tsarin da mai karatu ke buƙata ba, don haka littafin jagora mai babi-babi gara a jera shi da hannu. Shafin da aka ware da gangan kuma, a sa masa :orphan: a sama don kada Sphinx ya yi gargaɗi a kansa.

Inda aka fi shan wahala shi ne sunayen fayiloli. Windows ba ruwansa da babban baƙi ko ƙarami, amma Linux ɗin da Read the Docs, dandalin da ke ginawa da wallafa irin waɗannan shafuka, ke gini a kai yana bambantawa: a wurinsa Shigarwa.rst daban, shigarwa.rst daban. A yi suna da ƙananan baƙaƙe, ba tazara. Mai son rubutu da tsarin Markdown maimakon .rst sai ya ƙara MyST-Parser, ƙarin da ke sa Sphinx karanta shi, a conf.py, fayil ɗin saitunan aikin. Kuma kafin tura aikin, a tabbatar an yi git add, umarnin da ke saka sabon fayil cikin abin da za a tura.