Ɗana yana damƙe fensir kamar muciya, ko shafa wa dabbobi kala zai gyara masa hannu?

Maman Abba:

Assalamu alaikum iyaye da malamai. Shawara nake nema a kan ɗana Abba. Shekararsa 4 da wata 2, yana nazare 2 a wata makaranta a unguwarmu nan Kano. Tun da aka dawo daga hutu antinsu take rubuto min cewa hannunsa bai faɗa ba. Kullum aikin gida shafi biyu, daga 1 zuwa 50. Fensirin kuwa da yatsu biyar yake damƙe shi kamar mai tuƙin tuwo, ya danna har takarda ta huje. Kafin ya cika layi uku ya fara yarfa hannu yana cewa "Umma, ya gaji." Jiya sai da ya yi kuka, ni kuma na daka masa tsawa, abin ya tsaya min a rai har na kwanta.

Amma akwai wani littafin shafa kala mai zanen dabbobi da kawunsa ya sayo masa a Sabon Gari. In ya buɗe shi sai ya yi rabin awa a kan zakara ɗaya, ya zaro harshe, ko kiransa kika yi ba ya ji. Babansa yana ganin ɓata lokaci ne, ya ce in ɓoye littafin sai ya iya rubutu. Ni zuciyata ba ta kwanta da hakan ba. Don Allah waɗanda suka sani, wannan kalar tana ƙara wa yatsu ƙwari, ko wasa ne kawai?

Malama Uwani:

Wa alaikumus salam. Maman Abba, kada ki ɓoye littafin nan. Na daɗe ina koyar da 'yan nazare, kuma abin da kika faɗa kullum ina ganinsa.

Hannun yaro daga sama yake ƙosawa zuwa ƙasa: kafaɗa ce ke fara ƙarfi, sai gwiwar hannu, sai wuyan hannu, yatsu su ne na ƙarshe. Ƙananan ƙasusuwa 8 ne a wuyan hannu, jariri kuma da guringuntsi ake haifarsa a wurin, a hankali suke zama ƙashi, na ƙarshensu sai wajen shekara 10 ko fiye. Mafi yawan yara suna iya kwaikwayon da'ira a shekara 3, gicciye a shekara 4, mai kusurwa uku kuwa sai wajen 5 zuwa 6. Riƙon fensir da yatsu uku, wanda yatsun ne ke motsi ba duk hannun ba, tsakanin 4 da 6 yake zaunawa. To ki duba lamba 8 ko 5, lanƙwasa nawa ke cikinta? Shafi biyu ya yi masa yawa, ki je ki yi magana da antin cikin mutunci. Ko Mariya Montessori da ta buɗe makarantarta ta yara a Rum a 1907, sai da ta sa yara suka saba bin siffa da yatsa da cike ta da kala kafin ta kai su ga rubutu.

Ga abin da nake yi a ajina. Na farko, ina karya kalar gida uku. Guntun da bai fi gaɓar yatsa biyu ba, babu inda yaro zai damƙe shi, dole ya kama da yatsu uku ba tare da kin ce masa komai ba. Sannan ina manna takardar a bango daidai fuskarsa, ya yi a tsaye, saboda hakan yana ɗaga wuyan hannu yana ƙarfafa kafaɗa.

Kuma kada ki tsaya a shafa kala kaɗai. Ki zana tunkiya babba a bayan kwalin taliya, ki ba shi auduga ya riƙa tsinkowa ƙanana yana mulmulawa yana mannawa. In ba gam, ki dama fulawa da ruwan zafi. Kifi kuma ya yayyaga takarda mai launi ya jera masa ɓawo. Wanda yarana suka fi so shi ne zabo: su shafe jikin da gawayi, in dama musu alli, su riƙa tsoma tsinken ashana suna ɗiga fari ɗaya-ɗaya. Ki tsaya ki kalli yatsunsa a lokacin, babban yatsa da manuni sun haɗu, ɗan tsakiya ya tallafa, wannan shi ne riƙon fensir sak. Minti 10 zuwa 15 ya isa. In ya fita layi ki ƙyale shi.

Hajiya Kaka:

'Yata, Allah ya raya miki shi. Mu da muka tashi a karkara babu mai saya mana kala. Da damina bakin rafi muke zuwa mu ɗebo laka, maza su gina shanu da tozo da ƙaho, mu kuma tukwane. Ga 'yar carafke, ga ɓarar gyaɗa, ga tsinkar zogale a gaban iyayenmu. Ranar da aka ba mu alƙalami da allo hannu bai yi mana gardama ba. Jikokina yanzu na lura yatsa ɗaya suke aiki da shi, na shafa waya. Ki samo masa yumɓu wurin masu tukwane, ya gina kunkuru, in ya sha iska kaɗan ya dasa masa ɓawon gyaɗa a baya. Kayansa za su ɓaci, sai ki tanadi tsohuwar riga.

Baban Sadiƙ:

Hajiya ta yi gaskiya. Sai dai ina da tambaya, ba don in ɓata zance ba. Zanen abu mai rai fa? Ni shi ya sa nake saya wa nawa mai mota da itatuwa.

Malam Na Zariya:

Baban Sadiƙ, tambayarka a kan hanya take. Hani a kan surar mai rai ya inganta, amma malamai da yawa sun keɓe kayan wasan yara. Suna kafa hujja da 'yan tsanan Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. A cikin Sunan na Abu Dawud, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga doki mai fukafukai biyu a cikin kayan wasanta, ta ce masa ai Annabi Sulaiman yana da dawakai masu fukafukai, ya yi dariya bai hana ta ba. Akwai masu tsanantawa, don haka wanda ransa bai natsu ba ya tambayi malamin da ya yarda da shi, yaronsa kuma ya yi aikin a kan bishiya ko ƙwarya.

Anti Nas:

Ni a asibiti nake aiki, jan kunne biyu gare ni. Wake, dutsen ado, ƙwallon gyaɗa, duk abin da zai shige hanci ko maƙogwaro, a nisanta shi da ɗan ƙasa da shekara 3. Ba sau ɗaya ba an kawo mana yaro da wake a hanci, ya jiƙa ya kumbura. Almakashi kuma mai dakusasshen baki, kina zaune kusa.

Na biyu, ki lura da hannun da yake miƙawa da kansa. Kusan mutum ɗaya cikin 10 bahago ne. Ki koya masa ci da dama, amma rubutu ki bar shi da wanda ya fi masa. In kuwa kin ga hannu ɗaya kullum a dunƙule, ko yana karkarwa, ko ya daina yin abin da da yake iyawa, kada ki jira, ki kai shi wurin likitan yara.

Maman Abba:

Na dawo in yi godiya, yau mako uku ke nan. Malama Uwani, na je na samu antin, ta yarda ta mayar da aikin layi biyar. Na karya kalar, sai da Abba ya yi fushi ya ce na ɓata masa kaya, washegari ya manta. Hannun dama yake amfani da shi, Anti Nas, kuma ƙanwarsa mai shekara 2 ina goya ta in za mu fara.

Zabon muka yi ranar Asabar a tsakar gida bayan la'asar. Babansa ya shigo ya tarar da shi a tsugune, goshi duk gawayi, yana ɗiga alli yana ƙirgawa a hankali. Ya kai 23 ya rikice ya koma farko. Baban bai ce komai ba, ya ja kujera ya zauna, can sai na ji yana cewa "Saura wuyan, Abba." Har yanzu in ya gaji yana komawa damƙa, ban matsa masa ba. Hajiya, na aika a samo yumɓun, kunkuru za mu yi wannan makon, sai dai shi ya kafe a kan raƙumi yake so. Ƙafafun ne ban san yadda za su tsaya ba, ko kara ake sa musu a ciki?