Lambar Absher tana zuwa tsohon layin Baffa, yaya za mu yi?

Ɗan Hindawiyya, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a kan Baffana, ƙanin mahaifina, direban gida ne a nan Jidda. Ya je Kano ganin gida, rashin lafiyar Inna ta riƙe shi, kafin ya dawo an rufe layin wayarsa. Yanzu in muka sa suna da kalmar sirri a Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya ta harkokin takardu, sai a tura lambar tabbatarwa can layin da ya mutu. Ba ya ganin ranar ƙarewar iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, ba ya sanin ko an rubuta masa tarar hanya, ga shi mutum ne da kullum yana kan titi. Wani a unguwa ya ce a kawo bayanan Baffa da ɗan abin hasafi, zai gyara daga shagonsa. Hankalina bai kwanta ba. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya taimaka don Allah.

Maman Hafsa, Makka:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ku ba kowa bayanansa. Ku fara sayen sabon layi da iƙamar Baffan naka, da zanen yatsansa shi kansa, ba da sunanka ba. Daga nan ku nemi na'urar Absher, irin wadda ake ajiyewa a manyan kantuna da ofisoshin jawazat, wato hukumar fasfo. Zai ɗora yatsa, ta gane shi, ya sa sabuwar lambar. Haka na yi wa maigidana. Ku duba iƙamar tukuna, don in ta ƙare ba za a ba shi layi ba sai kafili, wato wanda ya ɗauke shi aiki, ya sabunta.

Tsohon Shara Mansur:
Gaskiya Hajiya ta faɗa. Ku yaran yanzu ba ku san dogon layin jawazat ba. Kafin a kawo Absher a 2010, mutum kan yi asubanci da fasfo a hannu, ko ya biya mu'aƙƙib ya bi masa takarda, wani lokaci mako ya wuce ba labari. Yau kana zaune a ɗaki kana ganin komai. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, kuma ina gode wa Allah da na ga zamaninsa.

Abin da ke damuna shi ne tsofaffinmu. Absher da Larabci take da Turanci, babu Hausa. Dattijon da ya haddace izu sittin sai ya miƙa wayarsa ga yaro don a karanta masa abin da ya shafi rayuwarsa. Tun da manhajar Tawakkalna ta zo lokacin korona a 2020, ga Nusuk ta Hajji da Umara, ga Sehhaty ta asibiti, komai ya koma kan layi ɗaya tak. Ku zauna da Baffa ku koya masa da kansa, ko da shiga da duba ranar iƙama ne kawai.

Abu Sadiƙ, Riyad:
Ƙari ɗaya. Bayan kun gyara, ku sa masa Nafath, manhajar gwamnati ta tabbatar da cewa mutum shi ne, amma ku ja masa kunne sosai: in wani ya kira ya ce daga hukuma yake, ya danna lambar da ta fito a Nafath ko ya karanto saƙon da aka turo, ya kashe wayar kawai. Da wannan dannawa ɗaya ake buɗe abu da sunan mutum bai sani ba. Sannan tun da direban gida ne, kwantiraginsa na Musaned ne, dandalin masu aikin gida, ba Qiwa ta ma'aikatan kamfani ba. Sauƙin da aka yi wa ma'aikatan kamfani a 2021 na neman bizar fita da dawowa da kansu bai haɗa da masu aikin gida ba.

Ɗan Hindawiyya, Jidda:
Allah ya saka da alheri, Mama, da ku duka. Na duba, iƙamar tana da sauran wata huɗu. Gobe bayan la'asar in sha Allahu zan kai shi ya sayi layin. Akwai wanda ya san inda na'urar take kusa da Bab Makka ko Balad?