"Malam, kowa na yi": ku ba mu labarinku kan satar amsa

Malamin Kimiyya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 14 ina sa ido a ɗakin jarrabawa. Makon jiya na kama wata ɗalibata da 'yar takarda a naɗe cikin hannun rigarta, kuma tun ranar ban sami sukuni ba. Yarinyar nan ce ta taɓa tsintar kuɗi a aji ta kawo min su cif. Da na tambaye ta dalili, cikin kuka ta ce, "Malam, kowa na yi." Wanda ya taɓa yi, da wanda aka roƙa ya buɗe takardarsa, da wanda ya taɓa kamawa, don Allah ku faɗa min yadda abin ya kasance a wurinku.

Tsohuwar Ɗaliba: Wa alaikumus salam Malam. Ni na yi, sau ɗaya, a shekarata ta biyu a jami'a. Kuma na yi karatu fa. Abin da ya karya min gwiwa shi ne sakamakon zangon farko: waɗanda na gani da idona suna miƙa wa juna takarda sun wuce ni, ba wanda aka ce wa ci kanka. Sai na ji kamar ni kaɗai ake cuta. Na rubuta ƙa'idoji huɗu a tafin hannuna, na yi amfani da biyu. Na ci darasin, amma har yau idan na duba takardar shaidata, idona a kan layin nan yake tsayawa.

Mai Nazarin Halayya: Malam, labarin ɗalibarka ya tuna min da binciken da Hugh Hartshorne da Mark May suka fitar a Amurka a 1928. Sun gwada yara kusan dubu 11 a aji, da wajen wasanni, da aikin gida, da kuma inda za su iya ɗaukar kuɗi ba a gani ba. Mu mukan ce hali zanen dutse, to su abin da suka tarar ya saɓa wa wannan: yaron da ya yi maguɗi a wuri guda, sau da yawa yakan riƙe gaskiya a wani wurin. Don haka mai mayar da tsintuwa ta ɓoye takarda ba sabon abu ba ne. Maganar "kowa na yi" kuwa, marigayi Donald McCabe na Jami'ar Rutgers ya shafe shekaru daga 1990 yana tambayar ɗalibai, ya gano cewa ganin abokan karatu suna yi yana cikin abubuwan da suka fi nuna wanda zai yi. Zama da maɗaukin kanwa ke nan. Ni kaina na taɓa karkata takardata don aminina ya leƙa, a lokacin ko a raina ban kira shi sata ba, taimako na ɗauke shi.

Uban Yara Uku: Ɗan'uwa, ina da ja kaɗan. Kada mu wanke kowa da sunan yanayi. A ajinmu ma ana yi, amma da abokina ya taɓa ni da ƙafa ya ce in buɗe masa, na ƙi. Shekara guda bai yi min magana ba, wasu suna ce min mai baƙin ciki. Ya yi min zafi ƙwarai, ban kuma yi nadama ba.

Mai Nazarin Halayya: Gaskiyarka Yaya, kuma bincike yana tare da kai. Akwai gwajin da ake ba mutum ɗan lido ya jefa a ɓoye, a biya shi gwargwadon lambar da ya faɗa. A 2019 Johannes Abeler da abokan aikinsa sun tattara irin wannan gwaji guda 90, na mutane sama da dubu 44 a ƙasashe 47. Sun ga mutane sun bar kusan kashi uku cikin huɗu na ribar da ƙarya za ta ba su, alhali ba mai ganinsu. Irinka suna da yawa, ba a jin su ne kawai.

Malamar Harshe: Ni kuma ga inda na yi tuntuɓe. Na karanta wani bincike na 2012 da ya ce idan mutum ya sa hannu a saman takarda cewa zai faɗi gaskiya, ƙarya takan ragu. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari, na sa layin alkawari a saman kowace jarrabawa, na kwantar da hankalina. Leƙe bai ragu ba. Sai a 2021 na ji an janye binciken bayan an gano alƙaluman jabu a cikinsa. Wallahi na ji ciwon abin, domin na ɗora amanar ajina a kansa. Abin da ya yi min aiki daga baya mai sauƙi ne: na raba kujeru, na buga jarrabawar iri biyu da tambayoyi a jere daban, na kuma rarraba makin zango a kan ƙananan gwaje-gwaje, yadda rana guda ba za ta yanke wa ɗalibi hukunci ba. Wannan na ƙarshen ya fi komai rage musu firgici.

Ɗalibin Shekarar Ƙarshe: Malamai ku yi haƙuri, amma mu a sakandare mai sa idon ne da kansa ya tsaya a ƙofa yana duba hanya, wani malami yana rubuta amsa a allo. Na kwafa kamar kowa. Da na shigo jami'a na zauna jarrabawar farko ni kaɗai da alƙalamina, hannuna rawa yake yi.

Malamin Kimiyya: Na gode muku duka. Ɗana, abin da ka faɗa laifinmu ne mu manya, ba ni da abin karewa. Yarinyar dai na soke mata takardar kamar yadda doka ta ce, sannan na zauna da ita muka tsara yadda za ta sake. Malama, don Allah ki yi min bayanin yadda kike buga jarrabawa iri biyu ba tare da ɗaya ta fi ɗaya wuya ba, ina son in gwada a gwajin wata mai zuwa.