Cebuano da Quechua dangi ne?

Ɗan Agege: Malamai, harsunan nan biyu dangi ne? Duka cike suke da kalmomin Sifaniyanci.

Malamar Idi-Araba: A'a ɗan'uwa, aro ne daga mulkin Sifaniya. Cebuano na Filifin ne, aikatau ke fara jimla. Quechua na Peru da Bolibiya ne, aikatau a ƙarshe, ga jera ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ake liƙawa a ƙarshen kalma: wasi gida, wasiy gidana, wasiykuna gidajena, wasiykunapi cikin gidajena.

Ɗan Obalende: Bahaushe kan yi tuntuɓe wajen "mu". Cebuano: kita har da kai, kami ban da kai. Quechua: ñuqanchik da ñuqayku. Ka yi gayyata da kami, ka cire baƙonka.

Malamar Idi-Araba: Quechua na liƙa -mi idan ka tabbatar, -si idan ji ka yi, kamar "wai" ɗinmu.