SSD siririya tana rawa a cikin laftof ɗina

Ɗan Garwa: Salamu alaikum 'yan uwa. Na sayi SSD (sabon nau'in ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta) a babbar kasuwar Garwa don tsohuwar laftof ɗin da nake rubuta rasit a shago. Da na ciro hadis ɗin ciki (wato hard disk, tsohuwar ma'ajiyar), sai na ga ya fi ta kauri: shi milimita 9.5, ita 7. Ta shiga, amma in na girgiza sai in ji ƙwas-ƙwas. Kuskure na yi? Raina ya ɓaci wallahi.

Mai Gyara Marwa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ƙanena. Dukansu inci 2.5 ne, bakin SATA (inda ake jona su da kwamfuta) ɗaya, ramukan noti ma wuri ɗaya suke. Kaurin ne kawai ya bambanta. Duba kwalinta, wasu kan zo da ɗan firam na roba mai milimita 2.5. In babu, ninka kwali ka sa a bayanta, don rawar nan kan sassauta bakin, musamman a kan babur.

'Yar Ngaundere: Tawa a babbar kwamfuta na sa, ramin inci 3.5 ne, sai da na sayi ƙarfen ɗaurawa.

Ɗan Garwa: Yaya, na sami robar a ƙasan kwalin! Ta zauna daram. Allah ya saka.