Ranar da waya ko kwamfuta ta tsaya, yaya kuka yi?

Sakataren ƙungiyar 'yan kasuwa, Alabar, Kumasi: Salamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya wani ya kira Alhajinmu, shugaban ƙungiya, da Hausa tsantsa, wai za a sa shi taron intanet, ya karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarsa. Alhaji ya karanta. Kafin la'asar WhatsApp ɗinsa ya koma hannun ɓarawo, ana ta aika wa mambobi cewa ɗansa na asibiti, a taimaka ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Mutum huɗu sun tura. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mana yadda ya fita.

Mai atamfa, Kejetia: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya mayar da alheri. Ni ba ɓarawo ne ya taɓa ni ba. Ranar 14 ga Maris 2024, farkon azumi, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke, yarona ya riga ya kwashe duk lissafin bashina ya zuba a wata manhaja. Ta ƙi buɗewa. Ga mata sun zo biyan kuɗin kayan Sallah, ban san nawa ake bin kowa ba. Tsohon littafina mai baƙin bango, da yake min dariya a kansa, shi na zaro daga ƙarƙashin bandir. Har yau sai na rubuta da biro tukun.

Mai kula da kwamfutocin wata makaranta, Aboabo: Hajiya, littafi ma gobara na cin sa, kin san kasuwanninmu. Mu wani malami ne ya buɗe takardar da ta zo ta imel, da safe duk sakamakon jarrabawa a kulle, ana neman kuɗin fansa. Na ce ba komai, ai muna da kwafi. Ashe faifan ajiyar yana jone da kwamfutar dare da rana, shi ma an kulle shi. Mako uku muna sake shigar da maki daga takardu. Yanzu faifai biyu ne, ɗaya ina cire shi kowace Juma'a in kai gidan hedimasta.

Ma'ajin susu (adashe), Asawase: Malam sakatare, ku kira 292, layin Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana, ku kai rahoto. In WhatsApp ɗin ya dawo, ku sa wa Alhaji lambar sirri ta mataki na biyu a WhatsApp, da hannunku, don shi ba zai yi ba. Mu dokarmu, ko sidi goma ba ya fita kan saƙo sai mutum biyu sun ji muryar mai nema.

Sakatare: Na gode Yaya. WhatsApp ɗin ya dawo jiya. Saura rigimar wa zai biya mutum huɗun nan, Alhaji ko asusun ƙungiya. Ranar Lahadi bayan azahar za mu zauna.